Na je Sabiya: daga Juma'a a Belgrade zuwa hasumiyar ƙoƙunan kai

  Masu saurare da kunne ina gaisuwa. Waɗanda data ta yi wa ƙaranci suke jiran rubutaccen shirin, ku ma ina gaisuwa, na san halin da ake ciki.

Yau maganar tafiya za mu yi. Tun da na dawo daga ƙasar Sabiya nake ta ɗaga wannan shirin, kuma akwai dalili. Ranar da na sa hotona a bakin kogin Danube, wani yayana da nake ganin girmansa ya turo mini saƙo. Ya ce, "Ƙanena, duk faɗin duniya ka rasa inda za ka sai wajen mutanen da suka yi wa Musulmin Bosniya yankan rago?" Ban ba shi amsa a ranar ba, don wallahi ba ni da ita. Tambayar ta bi ni duk inda na shiga tsawon kwana goma sha ɗaya. To Yaya, in kana ji, yau ga amsata, amma ta wuraren da na taka da ƙafata za mu bi. Mai niyyar zuwa zai san inda ya kamata ya leƙa. Wanda ba shi da niyya ma ya gyara zama, akwai abin ji.

Bari mu fara da inda ƙasar take, don na san wasunmu suna rikita ta da Saberiya ta Rasha mai ƙanƙara. Ba ita ba ce. Sabiya tana kudu maso gabashin Turai, yankin da ake kira Balkan. Ba ta da teku. Mutanenta wajen miliyan shida da rabi ne, wato ba su kai mutanen jihar Kano ba. Mafi yawansu Kiristoci ne 'yan ɗarikar Orthodox, kuɗinsu kuma dinari. Ni taron ƙara wa juna sani na matasa ya kai ni a watan Mayun 2025, na yi kwana huɗu a taro, sauran na kashe su a yawo da ɗan abin da na tara. Sai da biza, kuma ku riƙe wannan: Sabiya ba ta cikin Tarayyar Turai. Duk wanda ya ce maka ka biya shi ya kai ka Sabiya daga nan ka tsallaka Jamus, ka tambaye shi labarin shingen waya da Hangari ta kafa a kan iyakarta tun 2015. Na ga samari baƙi a kusa da tashar mota a Belgrade, jaka a baya, ido ya faɗa. Ba yawon buɗe ido suke ba. Wannan shiri ne na daban, za mu dawo masa wata rana.

Belgrade, su suna cewa Beograd, ma'anarsa farin birni. Duk wanda ka tambaya ina zan fara, amsa ɗaya ce: Kalemegdan. Tsohuwar ganuwa ce a kan tudu, daidai inda kogin Sava yake zubawa cikin Danube. Shiga kyauta ne, kuma da yamma za ka tarar da tsofaffi suna buga dara irin tasu, masoya a kan katanga, yara suna gudu tsakanin tsofaffin igwa. Sunan kansa daga Turkanci ya zo, kale ganuwa, megdan fili. Rumawa sun yi sansani a wurin, Hangariyawa sun riƙe shi, Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya ci shi a 1521, Ostiriya ta ƙwace, Turkawa suka sake karɓa, haka aka yi ta yi har 1867 da kwamandan Turkawa ya miƙa makullan ganuwar ga Yarima Mihailo. In ka kalli katangar da kyau za ka ga dutsen kowane zamani a kan na wanda ya gabace shi. A cikin ganuwar akwai ƙubbar kabarin wani babban wazirin Usmaniyya, Damad Ali Pasha, tana nan a tsaye an kula da ita. Can gefe kuma mutum-mutumin da suke kira Pobednik, wato mai nasara, shaho a hannu ɗaya takobi a ɗayan. A tsakiyar gari aka so kafa shi, mutanen gari suka ce ba za a tsayar musu da tsirara a kasuwa ba, shi ne a 1928 aka kai shi can saman ganuwa yana kallon kogi. Da na ji wannan na yi dariya, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Daga Kalemegdan in ka gangara unguwar Dorcol, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa, za ka iske masallacin Bajrakli. Nan na yi Juma'ata ta farko. An gina shi wajen 1575. A zamanin Turkawa Belgrade cike take da masallatai, yau shi kaɗai ya rage daga cikinsu. Bajrak tuta ce. In lokacin salla ya yi, a nan ake ɗaga tuta, sauran ladanan gari su gani su kira. Lokacin da Ostiriya ta riƙe birnin daga 1717 zuwa 1739 an mayar da shi coci, da Turkawa suka dawo ya koma masallaci. A watan Maris na 2004, da rikici ya ɓarke a Kosovo aka ƙona coci-cocin Sabiyawa a can, wasu 'yan ta-kife suka zo suka cinna wa wannan masallacin wuta a matsayin ramuwa. An gyara shi. Ƙaramin masallaci ne, ranar Juma'a sahu har tsakar gida. Na dama da ni Balarabe, na hagu wani dattijo ɗan Bosniya, bayana ɗalibai 'yan Afirka. Da aka sallame dattijon ya kama hannuna da hannu biyu, ba ya jin Turanci ba na jin yarensa, muka tsaya muna ta murmushi kamar wawaye.

Kun ga tun a rana ta farko na fara fahimtar abin da zai bi ni har ƙarshen tafiyar. A ƙasar nan kusan kowane wurin da ake kai baƙo yana da labari biyu, kuma wanda ya ji daɗin labarin farko shi ne zai sunkuyar da kai a na biyu.

Misali cocin Sava, wanda duk inda ka tsaya a Belgrade kana hango ƙubbarsa. Yana cikin manyan coci-cocin Orthodox na duniya. Shi Sava ɗan sarki ne da ya bar fada ya shiga zuhudu, kuma shi ya samar wa cocin Sabiyawa 'yancin kanta a 1219. A wurinsu shi ne uban addini da ilimi. A ƙarshen ƙarni na 16 Sabiyawa suka yi tawaye ɗauke da tutoci masu hotonsa, sai wazirin Usmaniyya Sinan Pasha ya sa aka ɗauko gawarsa daga inda take aka kawo Belgrade aka ƙona. A tudun da suka yi imani nan aka ƙona shi, nan suka kafa cocin. An fara gini a 1935, yaƙin duniya ya tsayar da shi, gwamnatin gurguzu ta hana a ci gaba, sai 1985 aka koma aiki. Ƙubbar nauyinta tan 4,000. A ƙasa aka haɗa ta, aka ɗaga ta sama a hankali da injina a 1989. Ciki kuwa, ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinari ne aka jera ɗaya bayan ɗaya har suka rufe rufin gaba ɗaya. Ni Musulmi ne, na shiga a matsayin mai kallo, na tsaya gefe ban taɓa komai ba, ba kuma wanda ya ce mini me ya kawo ka. Amma na fita ina tunanin cewa wannan ginin duka amsa ce ga wata wuta da wani mai salla irina ya kunna shekara ɗari huɗu da suka wuce.

Gidan tarihin Nikola Tesla ba zan daɗe a kai ba, amma ku je. Shi ne mutumin da aikinsa ya sa ake iya tura wutar lantarki nesa a kan waya. Basabiye ne da aka haifa a 1856 a wani ƙauye da yau yake cikin Kuroshiya, ya rasu a New York a 1943, kuma sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Belgrade, a 1892. Duk da haka sunansa ne a filin jirginsu, hotonsa ne a takardar dinari ɗari, tokarsa kuma tana cikin wata ƙwallo mai ruwan zinari a gidan tarihin. Suna kunna wani injinsa su ba ka doguwar fitila ka riƙe, ta kama a hannunka ba waya ba komai. Na riƙe na ce ina ma a bar ni in tafi da ita gida.

Inda na fi daɗewa a Belgrade shi ne gidan tarihin Yugoslabiya, don a nan labarinsu ya haɗu da namu. Kafin 1991 Sabiya ɗaya ce daga jamhuriyoyi shida na ƙasar Yugoslabiya, wadda Josip Broz Tito ya mulka har ya rasu a ranar 4 ga Mayu, 1980. Kabarinsa na nan a wani ɗaki da ake kira Gidan Furanni. Shi kansa ba Basabiye ba ne, mahaifinsa ɗan Kuroshiya, mahaifiyarsa 'yar Sulobeniya. A birnin nan, a watan Satumban 1961, shugabannin ƙasashe 25 suka zauna suka kafa ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu, wato ba ma bin Amurka ba ma bin Tarayyar Sobiyet. Kwame Nkrumah na Ghana yana wurin, Gamal Abdel Nasser na Masar, Nehru na Indiya, Sukarno na Indonesiya, Modibo Keita na Mali, Sudan ma tana ciki. Najeriya sai a 1964 ta shiga. Daga wannan zumuncin ne ɗaliban Afirka suka yi ta zuwa karatu Belgrade, kamfanoninsu kuma suka zo aiki wajenmu. Filin baje kolin duniya na Legas, wanda aka buɗe a 1977, kamfanin Belgrade ne mai suna Energoprojekt ya gina shi. A shekarar dai aka buɗe gidan adana fasahar Afirka a Belgrade, kayan cikinsa mafi yawa na Afirka ta Yamma. Wani direban tasi mai furfura da ya ji daga inda nake, sai ya bugi sitiyari ya ce, "Nigerija! Tito!" Ya ƙi karɓar cikon kuɗinsa. Ba zan ce muku kowa haka yake ba. An kalle ni a bas, kallon da na san ma'anarsa. Amma tsofaffin nan da suka tashi zamanin Tito, akwai wani gurbi da Afirka take da shi a ransu.

Wani abu a gidan tarihin ya tsaya mini a matsayina na mai harkar matasa. Sanduna ne dubbai, kowace da adonta. Duk shekara matasa sukan yi gudun miƙa sanda daga gari zuwa gari a faɗin ƙasar, har a kai wa Tito ranar 25 ga Mayu, ranar matasa. Da farko ya burge ni. Daga baya na ce, to duk gudun nan na dubban matasa, ƙarshensa taya mutum ɗaya murnar ranar haihuwa ne. Shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa ƙasar ta tarwatse, 'ya'yan masu miƙa wa juna sanda suka koma harbin juna.

To Yaya, mun iso tambayarka, kuma ba zan kewaye ta ba. A watan Yulin 1995, a garin Srebrenica da ke cikin Bosniya, sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Janar Ratko Mladic suka kashe maza da yara maza Musulmi fiye da 8,000 cikin 'yan kwanaki. Kotunan duniya biyu da ke Hague sun yanke cewa kisan ƙare dangi ne. An ɗaure Mladic ɗaurin rai da rai. Gwamnatin Sabiya har yau ba ta yarda da kalmar kisan ƙare dangi ba, kuma ni da idona na ga sunan mutumin nan a rubuce a bango a Belgrade, an kira shi gwarzo. Jikina ya yi sanyi. Wannan gaskiya ce, kuma duk Musulmin da zai je ya san da ita. Amma a birnin nan dai akwai ƙungiyar mata da ake kira Mata Masu Baƙaƙen Kaya, Sabiyawa ne, duk Yuli sai sun fito dandalin tsakiyar gari da sunan Srebrenica, ana zaginsu ana kiransu maciya amana, shekara da shekaru ba su fasa ba. A 2021 an kama wasu mata biyu saboda sun jefi zanen Mladic da ƙwai. Ɗalibar da ta zaga da mu gari an haife ta bayan an gama yaƙin. Na tambaye ta kai tsaye, ta ce ita ta san abin da aka yi, kuma a kan wannan maganar ba sa shiri da kawunta.

Ita ce ta kai mu titin Kneza Milosa ta nuna mana tsohuwar hedikwatar soja da jiragen NATO suka farfasa a 1999, lokacin yaƙin Kosovo, ruwan bama-bamai na kwana 78. Shekaru suka bar ginin a rushe a tsakiyar gari, ƙarfuna a waje, don kowa ya gani. A 2024 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Jared Kushner, surukin Donald Trump, a gina otal a wurin, jama'a suka yi ca. Na lura da wani abu. In Basabiye yana ba ka labarin 1999 zai fara ne daga ranar da bam ya faɗo. Abin da sojojin Milosevic suka yi wa Albaniyawan Kosovo kafin nan, sai ka tambaya. Kowace al'umma haka take da tarihinta, mu ma in mun duba kanmu.

Daga Belgrade na yi arewa zuwa Novi Sad, kilomita wajen 80. Birni ne mai natsuwa, gine-ginensa irin na Ostiriya. Abin kallo shi ne ganuwar Petrovaradin a ƙetaren Danube, an shafe daga 1692 zuwa 1780 ana gininta, ƙarƙashinta hanyoyin ƙasa ne masu tsawon kilomita 16. Agogon hasumiyarta a juye yake: dogon hannu shi ke nuna awa, gajere ke nuna minti, don masunta su iya gane lokaci daga nesa. A nan aka riƙa yin bikin waƙa na EXIT, wanda asalinsa ɗalibai ne suka fara shi a 2000 don adawa da Slobodan Milosevic, kuma a watan Oktoban shekarar ya faɗi.

Amma ba agogo ya kai ni Novi Sad ba. A ranar 1 ga Nuwamba, 2024, da ƙarfe 11:52 na safe, rumfar kankare ta gaban tashar jirgin ƙasa ta rufto kan mutane. Mutum 16 suka rasu, har da yara, a tashar da ba a daɗe da gama yi wa kwaskwarima ba. Ɗaliban jami'a suka ce ba ƙaddara kaɗai ba ce, a fito da takardun kwangila, a hukunta masu hannu. Suka rufe jami'o'i. Suka ƙi naɗa shugaba, komai a zauren taro ake yankewa da ƙuri'a, don kada a samu wanda za a saya ko a kama. Suka taka a ƙafa daga Belgrade zuwa Novi Sad, 'yan ƙauye suna fitowa bakin hanya da abinci. A ƙarshen Janairun 2025 firaminista ya yi murabus. Na je gaban tashar, furanni da kyandirori da 'yan tsana. Da 11:52 ta yi mutane suka tsaya a kan titi, motoci suka kashe inji, aka yi shiru minti goma sha shida, minti ɗaya ga kowane rai. Jama'a, minti goma sha shida na shiru yana da tsawo. Na tsaya can gefe ina lissafin gine-ginen da suka rufta a kan mutanenmu, da jiragen ruwan da suka kife, waɗanda ko adadin mamatan ba mu riƙe ba. Shawara ga mai zuwa: kai baƙo ne, ka kalla daga gefe, kada ka ɗauki kwali. An kori baƙi daga ƙasar a kan zargin shiga wannan harka.

Masu son tsauni da ruwa, kada ku ce na manta da ku. Na yi yini guda gabas, ganuwar Golubac mai hasumiyoyi a bakin inda Danube yake kutsawa tsakanin duwatsu, Romaniya tana tsallake kana hangowa. Gaba kaɗan Lepenski Vir, matsugunin masunta na shekara wajen dubu takwas da suka sassaƙa duwatsu masu fuskar mutum da bakin kifi. A yamma akwai tsaunin Tara da kogin Drina, da kwarin Uvac inda kogi yake lanƙwasa kamar maciji, manyan ungulaye suna shawagi a sama. Kyau kam akwai shi.

Sai kudu, birnin Nish, kilomita wajen 240 daga Belgrade. Nan aka haifi Sarkin Rum Constantine. Nan kuma Cele Kula take, hasumiyar ƙoƙunan kai. A 1809, lokacin tawayen Sabiyawa na farko, sojojin Usmaniyya suka kewaye wata runduna a tudun Cegar. Kwamandansu Stevan Sindjelic da ya ga ba mafita, sai ya harba bindigarsa cikin rumbun albarushi, ya tashi da kansa da mutanensa da maharan da suka shigo ramin. Hurshid Pasha, wanda ke riƙe da Nish, ya ba da umarni a sare kawunan mamatan a gina hasumiya da su a bakin hanyar Istanbul, don duk mai tunanin tawaye ya gani. Ƙoƙon kai 952 aka jera a bango huɗu. Dangi suka riƙa zuwa a ɓoye suna cire nasu suna binnewa, ruwa da iska suka ci wasu, yau waɗanda suka rage ba su kai sittin ba. A 1892 aka gina ɗan ɗaki aka rufe ta.

Na shiga ni kaɗai da mai gadi. Ba ta da tsawo sosai, ba ta fi ɗaki ba. Yawancin bangon ramuka ne, gurbin kawunan da aka cire, nan da can kuma ƙoƙo yana kallonka, wasu da haƙoransu. Ban iya ɗaukar hoto ba. Mu a makaranta da wa'azi in an ambaci Daular Usmaniyya, alfahari muke ji, kuma akwai abin alfaharin. Amma wanda ya sa aka yi wannan, da shi da ni alƙibla ɗaya muke kallo, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wulaƙanta gawa ko ta abokin gaba ce. Ana kawo yaran makaranta wurin nan. Yaron da aka nuna wa wannan yana ɗan shekara goma, in wani ɗan siyasa ya zo daga baya ya ce masa Musulmin maƙwabta su ne Turkawan jiya, aikin ya yi sauƙi. Haka kuwa aka yi. A 1989 Milosevic ya tara ɗaruruwan dubban mutane a filin Kosovo don cika shekara 600 da yaƙin 1389, inda Yarima Lazar da Sarki Murad duka suka mutu, ya ɗauko tsohon ciwo ya mayar da shi makami. Ba ina wanke kowa ba ne, Yaya. Yaran Srebrenica ba su gina hasumiya ba. Ina faɗa maka ne yadda ake dafa irin wannan ƙiyayyar, don na ga tukunyar.

Zangona na ƙarshe kudu maso yamma ne. A hanya na ratse Studenica, gidan ibadar masu zuhudu da Stefan Nemanja, mahaifin Sava, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 12, da farin dutsen marmara, a cikin daji tsakanin tsaunuka. Yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1986. In kana son ganin inda Sabiyawa suke cewa nan ne tushenmu, to wannan yankin ne. Abin mamakin, birnin da ke tsakiyar wannan tushen, Novi Pazar, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, Bosniyawa. Tsohuwar fadar Ras da cocin Sopocani suna bayan gari kaɗan, cikin gari kuma kiran salla ta ko'ina. Na yi la'asar a masallacin Altun-Alem na ƙarni na 16, na fito tsohuwar kasuwa na ci mantije, 'yan ƙananan curin fulawa da nama a ciki, ana haɗawa da kindirmo. Karon farko a tafiyar da na ci nama ban yi tambaya ba.

Don a sauran garuruwan sai ka kula. Naman alade ko'ina yake, har cikin cevapi, gasasshen niƙaƙƙen naman da suke ji da shi, wani lokacin ana cakuɗawa. Ka haddace "bez svinjetine", wato ban da alade, ko ka tsaya a burek mai cuku da kifi. In ka shiga gidan mutum zai miƙo maka rakija, barasarsu ta gida, a wurinsu karramawa ce. Ka dafa ƙirji ka ce addini, za su kawo maka gahawa. Yarensu ma zai ba ka mamaki. Suna rubuta shi da baƙi iri biyu, na Sirilik irin na Rashawa da na Latin, kamar mu da ajami da boko. Kuma Turkawa sun bar musu kalmomin Larabci da mu ma muka ara: awa sat, mu sa'a, sana'a zanat, almakashi makaze. Ranar da na ji makaze a shago sai da na juya.

A wani shagon shayi a Novi Pazar na zauna da ɗaliban jami'ar garin su uku. Su ma suna cikin gwagwarmayar Novi Sad. Suka ba ni labarin ranar 1 ga Maris, farkon azumi, da aka yi babban gangami a Nish, garin hasumiyar nan: ɗalibai Kiristoci suka shirya musu buɗa-baki. Da Ista ta zo a watan Afrilu, ɗalibai suna zaman dirshan a ƙofar gidan talabijin na gwamnati a Belgrade, sai 'yan Novi Pazar suka hau mota suka je suka karɓi gadin, suka ce ku tafi gida ku yi bikinku da iyayenku. Ɗaya daga cikinsu, mai hijabi, ta ce mini a rayuwarta ba ta taɓa riƙe tutar Sabiya ba sai bana, kuma kakarta da ta ga hoton ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba. Na ce to yanzu fa? Ta ce yanzu kakar ce take tambayarta yaushe za a sake fita. Na ce kina ganin abin zai ɗore? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce in na dawo bayan shekara biyar in sake tambayarta.

Yaya, iyakar abin da na gani ke nan, ka auna da kanka. Wanda zai je kuma, watan Mayu ko Satumba ya fi, sanyin hunturunsu ba na ɗan Sahel ba ne. Doka ce a yi wa baƙo rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, otal yana yi maka, amma in gidan wani ka sauka ku je tare ku yi, ka adana takardar har ranar fita. Ka sa Nish da Novi Pazar a tafiya ɗaya, kada ka ga ɗaya ka bar ɗaya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan yadda ɗaliban nan suke gudanar da zaurensu ba shugaba, da ko irin wannan zai yiwu a ƙungiyoyinmu na unguwa.